Robert Koch, likitan da ya gano ƙwayar tarin fuka

Yau muna tafe da tarihin Robert Koch, Bajamushen likita da aka haifa ran 11 ga Disamba 1843 a garin Clausthal. Da ya gama karatu a Göttingen cikin 1866, sai ya yi aikin likita a karkara, inda ya binciki cutar antaraks mai kashe shanu da tumaki.

A zamaninsa tarin fuka na ɗauke mutum ɗaya cikin bakwai a Turai, mutane da yawa kuma na ganin gado ne. Ran 24 ga Maris 1882, a Berlin, Koch ya nuna cewa wata ƴar ƙwaya ce ke haddasa shi. Shi ya sa duk shekara ake tunawa da cutar a wannan rana.

A 1890 ya fito da wani ruwa mai suna tuberkulin, ya ce magani ne. Marasa lafiya suka yi tururuwa, amma bai warkar ba, wasu ma suka rasu, sunansa ya zube. Daga baya likitoci, ciki har da Bafaranshe Charles Mantoux, suka mai da ruwan nan abin awo: a ɗiga shi cikin fatar hannu, in wurin ya kumbura bayan kwana biyu zuwa uku, alama ce ƙwayar ta taɓa shiga jiki.

To, ina haɗin wannan da soriyasis, ciwon nan da ke sa fata kauri da ɓawo da ƙaiƙayi? Soriyasis dai ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Amma wasu manyan magungunanta, musamman allurai na zamani, suna rage ƙarfin garkuwar jiki, sai ƙwayar tarin da ke kwance ta farka. Don haka kafin a fara su, ana yin awon fata ko na jini da hoton ƙirji. In an samu ƙwayar, ita ake fara yi wa magani.

Koch ya samu kyautar Nobel a 1905, ya rasu ran 27 ga Mayu 1910, kafin a gano maganin tarin fuka na gaskiya. Yau akwai shi, wata shida ake sha. Duk mai tarin da ya wuce sati biyu, ya je likita. Ƴan'uwa na waje kuma, kada ku aiko da maganin fata mai ƙarfi sai likita ya duba mutum.