Musa Ɗanƙwairo: Makaɗin Da Bai Canza Harshensa Ba

Jama'a, yau ba zancen sabon fim zan kawo muku ba. Zan ɗan taɓa tarihin Alhaji Musa Ɗanƙwairo ne, don akwai darasin da nike son mawaƙanmu na hip-hop su ɗauka wurinsa.

Mutumin ƙasar Bakura ne, ya tashi a Ƙaya ta Maradun. Kiɗa gadonsa ne. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, yayansa Abdu Kurna ma haka. A bayansu ya fara amshi tun yana yaro, ya yi kiɗan noma, sannan ya koma kiɗan fada da kotso.

Waƙar Mai Dubun Nasara da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello ta kai sunansa ko'ina a Arewa. Bayan an kashe Sardauna a 1966 bai aje kotso ba, ya ci gaba da waƙe sarakuna irin su Ado Bayero na Kano da Muhammadu Bashar na Daura, har ya rasu a 1991.

To ina haɗinsa da hip-hop? Ku tuna a 1973 DJ Kool Herc ya yi shagalin nan a unguwar Bronx ta New York, wanda aka ɗauka a matsayin mafarin hip-hop. Lokacin Ɗanƙwairo ya daɗe da zama gagarabadau. Kirarin kai da 'yan rap ke yi, yana yi. Jifar abokin gaba kuma ai zambo ne da habaici, ya iya siffanta mai jayayya da ubangidansa har kowa ya gane shi, ba tare da kama suna ba. Ga 'yan amshi, kafin ya dire magana sun cafe. Bambancin, shi fada ya yi wa aiki, rap kuwa daga titi ya fito.

Abin da ya fi burge ni, duk yawon nan da Zamfarci ya yi shi. Bai sauya baki don ya shiga Kano ko Kaduna ba, su suka koyi jin nasa. Amma yau yaro daga Gummi ko Anka ko Bukkuyum in ya shiga situdiyo, sai ya ari Kananci ya cakuɗa da Turanci, wai kar a ce masa baƙauye. Haba dai! In ka zama kamar kowa, da me za a gane ka?

In kun je wurin masu tura waƙa, ku ce su sa muku Ɗanƙwairo ko guda biyu, ku saurara da kunnen rap. Allah ya jiƙansa da rahama.