Henrietta Lacks: Matar da ta rasu a 1951 amma ƙwayoyin jikinta ba su daina hayayyafa ba

A ranar 4 ga watan Oktoban 1951 wata mata baƙar fata mai shekara 31 ta rasu a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na Amurka, ta bar 'ya'ya biyar. An binne ta a kabarin da ko alama ba a sanya masa ba. Sai dai har yau ana raya ƙwayoyin halittar da aka ɗebo daga jikinta a ɗakunan gwaje-gwaje a sassan duniya.

An haifi Henrietta Lacks a ranar 1 ga watan Agustan 1920 a garin Roanoke na jihar Virginia. Tana 'yar shekara huɗu mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa, sai riƙonta ya koma hannun kakanta a ƙauyen Clover, inda ta taso tana aikin gonar taba. A 1941 ta yi auren zumunci, daga bisani suka koma kusa da Baltimore, inda mijin ya samu aiki a kamfanin ƙarafa.

A watan Janairun 1951 ta je asibiti saboda wani kulluttu da take ji a mararta da kuma zubar jini. Likitoci suka tabbatar sankarar bakin mahaifa ce. Ana cikin yi mata magani aka yanki wani ɗan yanki na tsiron aka aika wa mai bincike George Gey, ba tare da an sanar da ita ko an nemi izininta ba, kamar yadda aka saba yi a lokacin.

Gey ya daɗe yana ƙoƙarin raya ƙwayoyin jikin ɗan'adam a cikin kwalba, amma duk sai su mutu cikin 'yan kwanaki. Na Henrietta kuwa kusan kullum sai sun ninka yawansu. Aka sa musu suna HeLa, daga haruffan farko na sunanta. Da su aka yi gwaje-gwajen rigakafin shan inna na Jonas Salk a farkon shekarun 1950.

Me ya hana su tsayawa?

Sai bayan shekaru fiye da 30 aka gano amsar. Ƙwayar halitta mai lafiya ba ta rabuwa gida biyu sai ta bi matakai, kuma akwai masu tsaron ƙofa a kan hanya. Wasu furotin ne ke yanke hukuncin wane sashe na saƙon DNA za a karanta, wane za a rufe. Ɗaya daga cikinsu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Idan DNA ya samu lahani, p53 kan bayar da umarnin haɗa wani furotin da ke dakatar da sinadaran da ke tura ƙwayar ta rabu, har sai an yi gyara. In gyara ya gagara, ya sa ƙwayar ta mutu.

Na biyun shi ne Rb, wanda ke riƙe da wani furotin mai suna E2F kamar akala. Sai lokacin rabuwa ya yi ake sakin E2F ya buɗe sassan da ke sa a kwafi DNA.

Masanin nan na Jamus, Harald zur Hausen, da abokan aikinsa sun gano nau'o'i biyu na ƙwayar cutar HPV masu haddasa sankarar bakin mahaifa a 1983 da 1984, kuma an samu nau'i na 18 a cikin HeLa. Ƙwayar cutar na haɗa furotin biyu: E6 ya sa a ruguza p53, E7 kuma ya ƙwace akalar daga hannun Rb. Da masu tsaron suka kau, babu abin da zai tsayar da rabuwar. Abin da ya kashe Henrietta shi ne ya sa ƙwayoyinta suka zama abin nema ga masana.

Iyalanta ba su san da labarin ba sai a shekarun 1970, alhali kamfanoni na cinikin ƙwayoyin. A 2013 aka cimma yarjejeniyar da ta ba su ta cewa kan amfani da bayanan gadonta, a 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta.

Amfanin wannan bincike ya iso har gida. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta sanya allurar rigakafin HPV cikin tsarin rigakafi na ƙasa, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Yarinyar da aka yi wa allurar a Gwadangaji ko Argungu ta samu kariya daga nau'in ƙwayar cutar da ya raba Henrietta da 'ya'yanta. Matan da suka wuce wannan shekaru kuwa, gwajin bakin mahaifa a asibiti na iya gano matsalar tun kafin ta zama sankara.