Charles Dotter: Likitan da ya gyara jijiyar jini ba tare da tsaga ciki ba

A yau filinmu na tarihin mashahuran mutane ya leƙa Amurka, inda za mu kawo muku labarin likita Charles Dotter. An haife shi a birnin Boston a 1920, ya kammala karatun likita a jami'ar Cornell a 1944. Yana da shekara 32 aka naɗa shi shugaban sashen ɗaukar hoton cikin jiki a makarantar likitoci ta jihar Oregon, kuma ya riƙe kujerar har rasuwarsa.

A zamaninsa, in jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sai wuƙa. Shi kuwa ya ga cewa siririn bututun da ake zurawa cikin jijiya don ɗaukar hoto zai iya yin magani. Har da tsirkiyar garaya irin ta Turawa ya riƙa ƙera kayan aikinsa.

Ranar 16 ga Janairun 1964 aka gwada. Wata tsohuwa 'yar shekara 82 ce, jijiyar cinyarta ta toshe, yatsun ƙafarta sun fara ruɓewa, ta kuma ƙi yarda a yanke ƙafar. Dotter ya zura bututu ya buɗe hanyar jinin. Ciwon ya lafa, gyambon ya warke, ta koma gida da ƙafafunta.

Likitocin fiɗa na ƙasarsa sun yi ta kiransa mahaukaci. Na Turai ne suka rungumi dabarar, har Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a Zurich a 1977. Dotter ya rasu a Fabrairun 1985.

Me ya haɗa mu da shi, mu 'yan kasuwar Agye, Gazawa da Gidan Runji? Kullum muna kan hanyar Maraɗi, cikin motar kaya ko bisa babur. Haɗari, sukar wuƙa ko tiyata kan tsaga jijiyar jini a cikin ciki, jinin ya taru a gefenta kamar 'yar jaka. Mutum na ganin ya warke, bayan makonni jakar ta fashe. A manyan asibitocin da ke da kayan aiki, yanzu ta ƙaramar huda a matsematsi ko wuya ake bi a toshe jakar da 'yan murɗaɗɗun wayoyi, ko a sa bututu mai rufi ya rufe tsagar. Wannan hanya Dotter ne ya share ta.

Saboda haka 'yan uwa, wanda ya bugu a ciki, daga baya ya ji ciwo mai tsanani, jiri, aman jini ko baƙin bayan gida, ya bar rumfa ya nufi asibiti nan take, ya kuma faɗa wa likita bugun da ya sha. Sai da rai ake cin kasuwa.