Eric Liddell: Zakaran Tseren da Ya Ƙare Gudunsa Cikin Yara

Karatu: 1 Korintiyawa 9:24-27, Ibraniyawa 12:1-3

A karatunmu na yau Manzo Bulus ya kwatanta zaman mai bi da tsere. Saboda haka zan ba ka labarin wani bawan Allah wanda ya yi tseren ƙafa, ya kuma yi tseren bangaskiya. Sunansa Eric Liddell. Duniya ta san shi saboda gudun da bai kai minti ɗaya ba. Amma ina so ka lura da shekaru ashirin da suka biyo bayan wannan gudu, domin a nan ne darasinmu yake.

An haifi Eric ranar 16 ga Janairu, 1902, a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin. Iyayensa, James da Mary Liddell, mutanen Sikotilan ne, 'yan mishan da suka bar gida domin aikin bishara. Yana ɗan shekara 6 aka sa shi tare da wansa Robert a makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a Landan, wadda daga baya aka san ta da suna Kwalejin Eltham. Iyayen suka koma Sin. Daga nan sai a yi shekaru kafin yaran su ga uwa da uba, sai lokacin da suka zo hutu. Makaranta ta zama musu gida, malamai da abokan karatu suka zama musu dangi. Ka riƙe wannan a zuciyarka, gama Allah ba ya barin hawayen ƙuruciya su zube a banza.

A 1920 Eric ya shiga Jami'ar Edinbara yana karatun kimiyya. Nan baiwarsa ta gudu ta fito fili. Ya buga wa Sikotilan ƙwallon zari-ruga sau 7, sa'an nan ya mai da hankali ga tsere. Gudunsa ba shi da kyan gani: yakan jefa kai baya, baki buɗe, hannuwa suna kaɗa iska. Duk da haka ba a cika shan gabansa ba. A watan Yuli 1923, a wani tsere a Ingila, an ture shi ya faɗi tun farkon gudu. Ya tashi abokan tsere sun yi masa nisa, ya bi su, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya zo na farko, sa'an nan ya zube ƙasa don gajiya. A wannan shekara kuma aka gayyace shi ya yi magana a taron bishara a Armadale, wani garin masu haƙar kwal. Shi mutum ne mai kunya, ba gwanin magana ba, amma ya amsa kiran. Tun daga ranar bai ƙara ɓoye bangaskiyarsa ba.

Gwaji ya zo masa a gasar Olamfik ta 1924 a birnin Faris na Faransa. Tseren mita 100 shi ne gwanintarsa, Birtaniya kuma ta ɗora begenta a kansa. Sai ga shi an sa zagayen farko na tseren a ranar Lahadi. Eric ya san da haka watanni kafin gasar, ya kuma faɗa a fili ba zai yi gudu a ranar Ubangiji ba. Wasu suka zarge shi da yi wa ƙasarsa butulci. Bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma hana wasu yin nasu gudun ba. Ya koma yana horar da kansa a tseren mita 400, wanda mutane ba su sa masa rai a ciki ba.

A Faris ya fara samun lambar tagulla a mita 200. Ranar 11 ga Yuli, kafin tseren ƙarshe na mita 400, wani mai yi wa 'yan wasa tausa ya ba shi 'yar takarda da ke tuna masa alkawarin da ke cikin 1 Sama'ila 2:30. Ka buɗe wurin ka karanta da kanka. Layin waje aka ba shi, inda ba ya ganin kowa a gabansa. Ya tashi da ƙarfi tun farko kamar gajeren tsere yake yi, bai kuwa sassauta ba. Ya ci lambar zinariya cikin daƙiƙa 47.6, ya kafa sabon tarihi. Bayan 'yan kwanaki ya karɓi digirinsa a Edinbara, ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa suna zagaya gari da shi.

Ɗan'uwa, a ce kai ne, me za ka yi? Shekararsa 22, sunansa ya cika jaridu, kowace ƙofa a buɗe take. Amma Eric ya yi shekara ɗaya yana karatun tauhidi, a 1925 kuma ya koma Sin, ƙasar haihuwarsa. Aikin da ya je yi shi ne koyarwa a wata kwalejin mishan a Tiyanjin. Zakaran duniya ya ɗauki alli, yana koya wa samarin Sin kimiyya, yana fita da su filin wasa, yana koya musu gudu da ƙwallo, yana gayyatarsu nazarin Littafi Mai Tsarki. Ya kuma shugabanci makarantar Lahadi a majami'arsu. Lokaci lokaci yakan shiga tsere a can ya kuma ci, amma tafin jama'a ya riga ya fita daga ransa. An naɗa shi fasto a 1932. A 1934 ya auri Florence MacKenzie, 'yar 'yan mishan daga Kanada.

A 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Jafan da Sin. A wannan shekara aka tura Eric aikin ƙauye a Siaochang, inda wansa Robert yake likita a asibitin mishan. Yakan bi ƙauyuka a kan keke, tsakanin sojoji da 'yan fashi, yana wa'azi, yana ɗauko waɗanda aka ji wa rauni a amalanke zuwa asibiti. Da abin ya tsananta a 1941, ya sa matarsa, tana da ciki, da 'ya'yansu mata biyu suka tafi Kanada. Shi ya tsaya a bakin aikinsa. 'Yarsu ta uku a can aka haife ta, bai taɓa ganinta da idonsa ba.

A watan Maris 1943 sojojin Jafan suka tattara baƙi 'yan ƙasashen da suke yaƙi da su, suka tsare su a sansanin Weihsien, wata tsohuwar makarantar mishan a lardin Shandon. Fiye da mutum 1,500 aka cusa a ƙaramin wuri: 'yan kasuwa, likitoci, limaman Katolika, 'yan mishan, tsofaffi da jarirai. Abinci bai isa ba, sanyi mai tsanani, kullum ana ƙidaya su. Ka san halin ɗan Adam idan yunwa ta zo: ƙorafi, sata, son kai. A cikin waɗanda aka kawo har da ɗaliban makarantar Chefoo, 'ya'yan 'yan mishan, waɗanda yaƙi ya raba da iyayensu.

Da Eric ya dubi waɗannan yara, ya san abin da ke cikin zuciyarsu, domin shi ma ya taɓa kwana a makaranta yana kewar uwa. Ya koya musu kimiyya, da babu littafi ya zauna ya rubuta musu na ilimin sinadarai da hannunsa. Ya shirya musu tsere da wasanni. Sandar wasan hoki in ta karye, sai ya yayyaga tsumma ya ɗaure ta. Yakan ɗebo wa tsofaffi da marasa lafiya ruwa da kwal. Yara suka riƙa kiransa Kawu Eric, ba sa barin ƙofar ɗakinsa. Ƙarfin wannan duka daga ina? Kowace asuba, kafin mutane su tashi, yakan zauna a gaban 'yar fitilar man gyaɗa yana karanta Maganar Allah yana addu'a.

Ga wani abu da nake so ka yi tunani a kansa sosai. Da farko Eric ya ƙi shirya wasa a ranar Lahadi a sansanin. Sai yaran suka yi wasan hoki su kaɗai, ba alƙali, aka ƙare da dambe. Lahadi ta gaba Eric ya fito fili ya yi musu alƙalanci. Mutumin da ya bar tseren mita 100 saboda ranar Ubangiji, shi ne ya tsaya a filin wasa a wannan rana don kada yara su ji wa juna rauni. Bai sāke Ubangiji ba. A Faris abin da zai samu ɗaukakar kansa ce, ya bar ta. A Weihsien abin da ke gabansa rayukan yara ne, ya tsaya musu. Haka Yesu ya koyar a Markus 2 da 3 a kan Asabar da aikin jinƙai. Wanda Ruhu Mai Tsarki yake bi da shi yakan san lokacin tsayawa daram da lokacin sunkuyawa don ya ɗaga wani.

Ya kuma koya wa samarin su yi wa sojojin da ke tsare da su addu'a, bisa ga Matiyu 5. Ɗaya daga cikinsu, Stephen Metcalf, shi ne Eric ya ba tsofaffin takalman gudunsa a lokacin sanyi. Bayan yaƙi wannan saurayi ya tafi Jafan, ya yi kusan shekara 40 yana aikin bishara a cikin mutanen da suka tsare shi.

Ciwon kai mai tsanani ya kama Eric, ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43. Maganarsa ta ƙarshe a kan miƙa kai ɗungum ga Allah ce. Sansanin duka ya yi makokinsa, masu bi da marasa bi. A watan Agusta na wannan shekara aka 'yantar da waɗanda suka rage.

Yanzu bari mu dawo gida. Da yawa daga cikinmu a Talata Mafara, Bakura da Maradun aiki ne ko karatu ko bautar ƙasa ya kawo mu, danginmu suna nesa. Mun kuma san abin da yaran wannan yanki suka gani. A 2021 an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, an kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun, har aka rufe makarantu. Yaro da ya ga irin wannan, tsoro yakan zauna masa a ciki ko da bai faɗa ba. Kada ka ce kai baƙo ne, jiran canjin wurin aiki kawai kake yi. Eric ma baƙo ne, ɗaurarre kuma, amma bai jira a buɗe ƙofa kafin ya yi hidima ba.

Kai malami, ka shiga aji a kan lokaci, ka koyar da gaskiya ko ba mai duba ka. Ke uwa, ki lura da ɗan maƙwabta da ya daina zuwa makaranta, Kirista ne ko Musulmi. Kai saurayi mai ƙarfi, ka tara ƙananan yara da yamma, ka zama musu alƙalin wasa, ka koya musu cin nasara ba da girman kai ba, da shan kaye ba da faɗa ba. Ka kuma yi addu'a domin masu tayar mana da hankali, Allah ya juyo da zukatansu. Wannan shi ne layin da aka ba ka. Ka yi gudunka a cikinsa, idonka a kan Yesu.

Addu'a: Ya Uba na Sama, na gode maka domin rayuwar bawanka. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, ka ba ni ƙarfin barin abin da zai ɗaukaka ni, da tawali'un yin abin da zai taimaki ƙanana. Ka kiyaye makarantunmu da 'ya'yanmu, ka ba ƙasarmu salama. Ka sa in ƙare tserena da aminci, cikin sunan Yesu. Amin.