Tiyeri Sabin, Madugun Tseren Motoci

Mai karatu, ka san gishirin Bilma. Ka sha ganin kantu a kasuwa, ko a Gidan Sori, ko a Gidan Rumji, ko a Maradi. Buzaye ne ke kawo shi bisa raƙuma. Kafin ya iso gare ka, sai ayari ya ratsa Tenere, hamadar da babu gari, babu inuwa, sai rairayi iya ganinka. Kowane ayari yana da madugu. Shi ya san hanya, shi ya san rijiya, shi ke cewa a tashi ko a sauka.

Yau za ka karanta labarin wani madugu na daban. Ayarinsa na motoci ne da babura, kuma ba fatauci ya fito da su ba, tsere ne. Sunansa Tiyeri Sabin. Faransawa suna rubuta shi Thierry Sabine. Shi ne ya kafa tseren nan da ake kira Pari-Dakar.

Tashinsa

An haifi Sabin a ƙasar Faransa, kusa da birnin Pari, ran 13 ga watan Yuni na shekarar 1949. Ubansa likitan haƙori ne, gidansu akwai wadata. Tun yana saurayi ya sa ransa ga gudun mota da babur. A shekarar 1975 ya shirya tseren babura cikin rairayin bakin teku a arewacin Faransa. Mutane suka zo kallo da yawa. Daga nan ya gane yana da baiwar tara jama'a.

Yadda ya ɓace

A shekarar 1977 ya shiga wani tsere da ya tashi daga Abijan zuwa Faransa. Bisa babur yake. Da ya kai can arewa, wajen iyakar Nijar da Libiya, sai ya saki hanya. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu kowa. Ya yi kusan kwana uku shi kaɗai. Da rana zafi, da dare sanyi, ga ƙishirwa. Ya riga ya fid da rai, sai wani ƙaramin jirgin sama da ke nemansa ya hango shi. Aka ɗauke shi da sauran numfashi.

To, da kai ne, za ka sake komawa wurin? Shi dai Sabin bai yi fushi da hamada ba. Sonta ma ya shiga ransa. Ya koma gida da niyya guda: ya kawo wasu su ga abin da ya gani.

Tseren farko

Ran 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Pari. Suka ƙetare teku cikin jirgin ruwa, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar. Sun bi ta Arlit da Agadas da Yamai, sannan suka wuce Mali da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Ran 14 ga Janairu 1979 suka isa Dakar, babban birnin Senegal. Tafiyar ta kai kilomita 10,000. Kamar ka je Yamai daga Maradi sau 15 ke nan. Cikin 182 ɗin nan, 74 kaɗai suka kai ƙarshe. Sauran, wasu mota ta lalace, wasu sun ji ciwo, wasu sun gaji.

Daga nan tseren ya zama na kowace shekara, cikin watan Janairu, lokacin hunturu. Sabin ne uban tafiya. Yakan sa fararen kaya, ga gemu. Kowace safiya sai ya tara masu tsere ya gaya masu yadda hanyar ranar take. Sannan ya shiga jirginsa mai saukar ungulu, yana bin su ta sama. A Agadas ya sami aboki kuma mataimaki, wani Buzu masanin hamada mai suna Mano Dayak. Sunan wannan mutum ne filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da shi.

A shekarar 1983 tseren ya ratsa tsakiyar Tenere karo na farko. Sai iska mai rairayi ta taso, ko tafin hannunka ba ka gani. Mutum 40 suka ɓace. Sabin ya san abin da ɓata take nufi, don ya ɗanɗana. Ya yi kwana huɗu yana shawagi yana neman su, har aka same su duka da rai. Wannan aiki ya ɗaukaka sunansa ƙwarai. Masu tsere suka yarda cewa muddin yana sama, ba za a bar kowa cikin rairayi ba.

Masu yabo da masu suka

Ba kowa ne ya yi murna da tseren ba. Gaskiya ne, idan ayarin ya sauka Agadas, masu masauki da makanikai da maƙeran azurfa suna samun ciniki. Amma cinikin na ƴan kwanaki ne. Ka tuna yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe. A wannan hali ne motoci masu tsadar gaske suke wucewa a guje ta gaban masu jin yunwa, su bar masu ƙura. Har a Faransa akwai waɗanda suka ce wannan bai dace ba.

Maganar ta kai kunnen Sabin. Ya shirya a riƙa kai famfunan ruwa ƙauyukan da ke kan hanya. Wani shahararren mawaƙin Faransa, Daniel Balavoine, ya shiga wannan aiki da zuciya ɗaya.

Shekarar 1986

Tsere na takwas ya tashi ran 1 ga Janairu 1986. Motoci da babura da manyan motoci 486 suka fito, tafiyar kuma ta kai wajen kilomita 15,000. Tun ba a bar Faransa ba aka yi rashi: wani mai babur ɗan ƙasar Japan ya mutu a haɗarin hanya. Ayari ya ci gaba. Suka shigo Nijar, suka bi ta Agadas da Dirku, suka gangaro Damagaram, suka isa Yamai suka huta.

Ran 14 ga Janairu suka tashi daga Yamai suka nufi Mali. Sabin ya tsaya a Gawo. Da la'asar ya buɗe wasan ƙwallo tsakanin ƴan Gawo da ƴan Mopti, abin ya ja lokaci. Kafin jirginsa ya kama hanyar zango, rana ta yi ƙasa. Ga duhu yana shigowa, ga iska mai rairayi, jirgin kuma ba na tafiyar dare ba ne. Suka sauka cikin daji, zango bai fi kilomita 20 da ɗoriya ba. Can kuma sai jirgin ya sake tashi. Yana tafiya ƙasa-ƙasa, yana bin fitilar wata mota. Saura kamar kilomita 8 su isa garin Gurma Rarus, jirgin ya bugi ƙasa ya tarwatse.

Mutum biyar ke ciki: Sabin, da mawaƙin nan Balavoine, da matuƙin jirgi, da wata ƴar jarida, da mai kula da rediyo. Babu wanda ya tsira. Shekarun Sabin 36.

Ayari ya kwana cikin kuka, amma ba a tsai da tsere ba. Ran 22 ga Janairu aka isa Dakar. Cikin 486, guda 100 ne suka kai. René Metge ya zo na ɗaya a mota ƙirar Porsche. Cyril Neveu ya zo na ɗaya a babur ƙirar Honda. Sun karɓi kyautarsu, amma murnar ba ta cika ba. Bayan kwana biyu kuma wani mai babur ɗan Italiya ya mutu saboda raunin da ya ji a ranar ƙarshe.

Bayan mutuwarsa

An ƙona gawar Sabin, kamar yadda wasu Turawa ke yi. Aka kawo tokar Nijar, aka watsa ta gindin wani icce da ke tsaye shi kaɗai a arewacin Tenere. Yanzu sunansa ake kiran iccen da shi.

Ubansa ya riƙe tseren na wasu shekaru. Haɗari bai ƙare ba, kuma ba masu tsere kaɗai ya ci ba. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya ƴar shekara 10 a Mali. Ita ba ta shiga tsere ba, hanyar garinsu take ƙetarewa. A 2008 aka soke tseren saboda rashin tsaro a Muritaniya. Daga 2009 aka mai da shi Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ƙasar Saudiyya. Sunan Dakar ne kawai ya rage.

Abin lura

Mai karatu, Sabin jarumi ne, kuma bai taɓa yarda a bar ɓatacce cikin daji ba. Wannan abin koyi ne. Amma dubi ƙarshensa. Jirgin ya riga ya sauka lafiya, saura kaɗan a kai zango. Madugun raƙuma, idan iska ta rufe hanya, yakan durƙusar da ayari ya jira gari ya waye. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Kai ma wataƙila kana hawan babur, ko ɗanka yana kabu-kabu. Idan za ka ratsa ƙauye, rage gudu, akwai yara bakin hanya. Idan dare ya yi kuma fitilarka ba ta da kyau, kwana inda kake. Gara ka isa gobe da a zo ɗaukar ka yau.

Tambayoyi

1. A wace shekara Sabin ya ɓace cikin hamada?
2. Waɗanne garuruwan Nijar tseren 1986 ya bi?
3. Wane amfani tseren ya kawo, kuma wace ɓarna?