Likita Albert Schweitzer Na Lambarene

An haifi Schweitzer a Alsas cikin 1875. Fasto ne, gwanin kiɗa kuma, sai da ya shekara 30 kana ya shiga koyon aikin likita. Cikin 1913 ya sauka Lambarene ta ƙasar Gabon, shi da matarsa. A wani tsohon ɗakin kaji ya fara duba marasa lafiya. In kuɗi suka yanke, sai ya tafi Turai ya yi kiɗa ya tara. Yakan bar majiyyata su zo da iyalinsu masu dafa musu abinci. Waɗansu sun zarge shi da ɗaukar baƙar fata tamkar yara, zargin kuwa ba na banza ba ne. Da kuɗin kyautar Nobel ta 1952 ya gina wa kutare unguwa. Can ya rasu cikin 1965.