Likitan da ya rubuta sunayen itatuwanmu: tarihin Dalziel da darasin karan masallaci

Manomi, ko ka san karan masallaci? Ɗan tsiron nan ne marar ganye, mai kara mai kusurwa huɗu cike da ruwa, wanda ke fitowa a tsakanin duwatsu, ya shekara da shekaru ba tare da ban-ruwa ba. Idan lokacinsa ya yi sai ya fitar da 'yan ƙananan furanni masu duhun ja, kamar taurari. A littattafan kimiyya sunansa Caralluma dalzielii. Itacen hano ma, wanda wasu ke kira ararrabi, sunansa Boswellia dalzielii. Duka biyun sunan mutum ɗaya suke ɗauke da shi: John McEwen Dalziel, wanda ake furta sunansa Diyel.

An haife shi a Indiya a 1872, ya yi karatun likita a Edinbura ta ƙasar Sikotilan. Ya fara aiki a ƙasar Sin, sannan a 1905 ya shiga aikin likitancin gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, shekara biyu kacal bayan Turawa sun ci Kano. Aiki ya kai shi Sakkwato, Kwantagora, Yola da Katagum, wadda ba ta da nisa sosai da mu nan ƙasar Gumel.

Duba marasa lafiya aka turo shi yi, amma hankalinsa na kan daji. Duk inda ya sauka yakan tsinko ganye da fure, ya busar, ya aika gidan binciken tsirrai na Kew da ke Landan. Abin da ya bambanta shi da sauran masu tara tsirrai shi ne ya damu da sunan da mutanen gari ke kiran abu, da amfanin da suke yi da shi. Daga bakin wa zai ji wannan? Ai sai manoma, makiyaya da masu maganin gargajiya, wato kakanninka.

A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kowane suna da takwaransa na kimiyya. Bayan ya bar aikin likita a 1922 ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A 1937 ya ƙara da wani a kan tsirrai masu amfani: na ci, na kiwo, na rini, na jima, na magani. Ya rasu a 1948, amma har gobe masu bincike a jami'o'inmu na buɗe littattafan nan.

To, ina ruwanka da wannan tarihi? Dubi gonarka. Gawo da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, aduwa, kurna, magarya, ƙirya, nawa suka rage daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar? Tambayi yaronka sunan ciyawa goma a bakin gona, ka ji nawa zai kawo. Idan suna ya ɓace, sanin amfanin abin ma ya tafi, kuma abin da ba a san amfaninsa ba gatari ne ƙarshensa.

A Turai akwai masu gina lambun duwatsu don ƙananan furannin kan tsaunuka masu sanyi. Waɗancan ba za su jure zafin bazararmu ba, amma dabarar ɗaya ce, kuma karan masallaci ya dace da ita. Ka sami wuri mai ɗan tudu a gida ko a harabar ƙungiya. Ka haɗa rairayi da tsakuwa da taki kaɗan wanda ya ruɓe, ka jera duwatsu ko fasassun bulo. Yanko karan, ka ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa huɗu har bakin yankan ya bushe, sannan ka dasa. Kada ka cika masa ruwa: kwanciyar ruwa ce ke ruɓar da shi, ba ƙishirwa ba. Ko da yake ana amfani da shi a maganin gargajiya, kada ka sha ko ka ba yaro sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Ku kuma 'yan ƙungiya, ku yi abin da Diyel ya yi, amma a wannan karon da hannunku. Ku sayi littafin rubutu guda. Ranar Alhamis in an taso daga kasuwar Maigatari, ko bayan taron wata, ku zauna da dattawa, maza da mata, ku rubuta sunan kowane tsiro, inda yake fitowa, lokacin furensa da amfaninsa. Wanda ya yi ƙaranci, ku nemo irinsa ku raina kafin damina ta faɗi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.